Ruwan da Aka Ja a Madadina

Ni ɗan Malikanchi ne, a ƙasar Ikara, kuma a coci na tashi, ni ne ma mai kaɗa ganga ranar Lahadi. Mahaifina dattijon ikilisiya ne. Mu Kiristocin unguwarmu ba mu da yawa, don haka duk abin da ɗayanmu ya yi, sunanmu duka ake kira. Samari, ku ba ni kunnuwanku.

Da rake na fara. A fadamarmu mai wucewa yana iya karyar kara ɗaya ya sha a bakin gona, ba mai ce masa uffan, amma ba a tafiya da shi gida. Ni kuwa sai na koma karyar biyu, daga nan sai dami, ina kaiwa Makarfi. Da hannu ya saba, ido ya koma kan injinan ban ruwa. Na ɗauke a Likoro, na ɗauke a Taba, har na fara jin kaina gwani. A ƙarshe na sace na maƙwabcinmu Malam Idi, mai koyar da Alƙur'ani, ana tsakiyar rani, tumatirinsa ya fara fure. Kafin a kama ni an riga an wargaza injin an sayar da ƙarafansa.

Zaman gidan yari ba na son tunawa da shi. Wani mai wa'azi yakan zo ya ce mana Yesu ya ɗauki hukuncinmu a jikinsa. Ni dai ina jin sa kamar rediyon maƙwabci.

Bayan 'yan shekaru, ranar bikin samun 'yancin kan ƙasa, aka yi wa wasunmu afuwa, har da ni. Da aka buɗe ƙofa, kai! Ban taɓa sanin sama tana da faɗi haka ba. Ga 'yan makaranta suna maci da tutoci, ni ma na ce a raina na samu nawa 'yancin, daga yau ba mai juya ni.

Da na isa gida na tarar da Baba ya ranƙwafa, yana dogara sanda. Ko zama bai bar ni na yi ba. Ya ce, "Mu je ka gai da Malam tukuna."

Na durƙusa a zauren Malam Idi. Bayan an gama gaisawa na ce, "Malam, na cuce ka, na kashe maka gona."

Ya ce, "Wace gona? Au, ba su gaya maka ba?"

Sai ya faɗa mini. Washegarin kama ni, Baba ya zo da bokiti, mutanen coci na biye da shi, har da tsofaffin mata. Kullum da safe suna jan ruwa daga rijiyar fadama suna ba tumatir, har aka tsinke shi. "Na ce su bari," in ji Malam, "babanka ya ce sunan Almasihu ne ɗansa ya zubar a gonata, su kuma ba za su bar shi a ƙasa ba. A bakin rijiyar nan bayansa ya riƙe. Tashi, ɗana, tun lokacin na yafe."

Na juya na dubi Baba. Sai a ranar maganar mai wa'azin nan ta shiga kunnena. Na yi kuka kamar jariri, na roƙi Ubangiji gafara a zauren malamin.

Yanzu noma nake yi, kuma duk gayyar da aka kira ina gaba. Ya ku matasan Kirista, ƙasa ta ba ku 'yanci, Almasihu ya ba ku wanda ya fi shi, amma ba don ku yi abin da kuka ga dama ba. Ku yi wa maƙwabci hidima, ku tsare sunan da kuke ɗauke da shi. Kada ku bi hanyata, don ba ku kaɗai za ku sha wuyar ba. Ga ni nan ina yawo garau, Baba kuwa har ya koma ga Ubangiji bai sake miƙewa tsaye ba.