Yaya Habu Mai Tasha ya tafi, jirginsa na tsaye a danja

Da safen nan ina wanke babur aka kira ni, wai Yaya Habu mai shagon caji ya rasu. Na zagi wanda ya kira na kashe wayar. Sai da na ji kuka daga gidansu na yarda.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ya ɗauko kwandon tumatir daga Watari a babur, tifar yashi ta taso a guje ta same shi a mahaɗar hanyar Bici. An yi masa sutura kafin azahar. Da hannuna na zuba ƙasa.

Ku masu yaɗa hotonsa a kwance a titi, ku goge. Yana da uwa, yana da mata, kuma suna da waya.

Ku kuma samarin garinmu da kuke ta turo mini saƙo, wai kun sayi fetur a jarka, tifar na nan a bakin hanya, ni kuke jira in shige gaba: na gani. Ku karanta wannan har ƙarshe tukuna.

Wanda bai san shi ba, Yaya Habu yana da wata tsohuwar kwamfuta a shago, madanninta biyu sun cire. A ciki akwai wani gem na jirgin ƙasa. Ba tuƙi ake yi ba. Kai ne mai kula da mahaɗar layin dogo, jirage na tahowa ta ko'ina, ka ba wannan hanya, ka tsayar da wancan da jar fitila, ka juya wa wani layi. Ka yi kuskure, su yi karo. Ya canza sunayen tashoshin ciki ya sa Bici, Watari, Gezawa, har da ƙauyenmu da ko kwalta ba mu da ita. Shi ya sa muke ce masa Mai Tasha. Mutumin da bai taɓa shiga jirgin ƙasa ba a rayuwarsa.

Ni a aji uku na bar firamare. A gem ɗin nan na koyi karatu. In rubutu ya fito a fuskar kwamfutar na ce ya fassara mini, sai ya ce, "Idonka ciwo yake? Haɗa baƙin da kanka." In haɗa, in yi kuskure, ya yi dariya har da buga benci, sannan ya gyara mini. Duk wannan dogon surutun da nake damunku da shi a nan, daga bencin nan ya fito.

Bai taɓa karɓar kuɗin cajina ba. In na miƙa sai ya ce in saya wa bakina linzami da su.

Kuma ban taɓa cin gem ɗin ba, ko sau ɗaya. Da na ga jirgi tsaye sai raina ya ɓaci, in sakar masa koriyar fitila. Sai karo. In tashi ina zagin kwamfuta, ina zagin wanda ya ƙera ta. Shi kuwa zai bar jirgi a tsaye ya je ya sallami mai karɓar waya ya dawo, hankalinsa kwance.

Jiya bayan la'asar na same shi yana bugawa. Ya tare wani dogon jirgin kaya tun daga nesa, ga hanya fayau a gabansa.

Na ce, "Yaya Habu, sake shi mana, ba komai a gaba."

Ya ce, "Na fasinja na tafe, ba ka gan shi ba ne. Mai nauyi tun daga nesa ake tare shi. In ya ɗau gudu birki ba ya jin magana."

Sai ya kalle ni ya ce, "Kai ma jirgin kaya ne, Sagiru. Shi ya sa nake tare ka tun kana bakin ƙofa."

Na ce Allah ya isa tsakanina da shi. Ya yi dariya, ya rufe kwamfutar, ya ce kar in taɓa masa, gobe in ya dawo daga Watari zai ƙarasa.

Bayan mun dawo daga maƙabarta Inna, mahaifiyarsa, ta kira ni ta ba ni mukullin shagon. Ta ce, "Wayoyin mutane na ciki, ɗan nan. Je ka ba kowa tasa, kar a ce Habu ya tafi da kayan wani." Ta riƙe hannuna ta ce, "Kuma na ji maganar fetur. Gawa ɗaya ta ishe ni yau."

Na buɗe shagon. Na raba wayoyin. Da kowa ya watse na ɗaga murfin kwamfutar. Jirgin kayan yana nan inda ya bar shi, jar fitila a gabansa.

Wallahi yatsana ya kai kan madannin sakin jirgin. Na janye.

To ga amsarku, 'yan jarka. Ba zan zo ba. Kada ku ɗauka na huce. In na ga direban nan yanzu ban san abin da hannuna zai yi ba, shi ya sa ba zan je inda zan gan shi ba. Yana hannun hukuma. In kun cinna wa motar nan wuta, gobe a zo a kwashe samarin gari, Inna ta zauna karɓar gaisuwa babu mai shimfiɗa mata tabarma. Ku juye fetur ɗin a baburanku, ku je ku ɗauko mutanen da za su zo ta'aziyya daga nesa. Ina shagon. Wanda ya ga na zama matsoraci ya zo ya faɗa mini a nan, yau ɗaya ba zan rama ba.

Allah ka jiƙan Yaya Habu. Ka yafe masa, ka haskaka kabarinsa, ka ba shi hanya fayau zuwa Aljanna ba tare da tsaiko ba. Ka ba Inna da iyalinsa haƙuri. Ni kuma ka riƙe ni, don mai tare ni ya tafi.

Duk wanda ya karanta, ko bai san shi ba, ya yi masa Ƙulhuwallahu kafin ya wuce.