Kalmomi Ɗari Tara a Bakin Kanta

A wani kamfani da ke sayar da kayan gyaran manyan motoci akwai mai kula da sito wanda abokan aikinsa suka laƙaba wa suna Ƙamus. Shekara goma sha ɗaya ya yi a tsakanin kantocin ƙarfe, har ta kai ko an rufe masa ido aka ce ya ɗauko bel ɗin fanka, hannunsa ba ya kuskure. Da ya ƙudura neman digiri na biyu a fannin kasuwanci, sai aka gaya masa sharaɗi: jarrabawar shiga mai cike da manyan kalmomin Turanci, irin waɗanda ba a jin su a kasuwa. Manaja kuwa ya ce a bana kaɗai zai iya ba shi hutun karatu. In ya faɗi, shi ke nan.

Maimakon tsoro, murna ce ta kama shi, domin gani ya yi aikinsa ne ya zo: kaya ne za a jera. Ya yanka kwali ɗari tara, ya rubuta kalma a gaba da ma'anarta a baya, ya manna kowanne a bakin kanta. Kalmar marowaci ta zauna ƙarƙashin birki, ta mai yawan surutu kusa da hon. Cikin wata biyu ya haddace su tas, yana ratsa sito yana kiran su da ƙarfi kamar mai kiran 'ya'yansa.

Sai dai sanin mazaunin abu daban, sanin abin daban, kuma mai hankali ba ya karɓar ɗaya a madadin ɗaya. Wata Asabar da hantsi matarsa, wadda malamar makaranta ce, ta ajiye masa takardar gwaji a kan teburin falo. Kowace tambaya jimla ce mai gurbi, ana so a zaɓi kalmar da ta dace da gurbin.

Ya dubi ta farko, fuskarsa ta washe. "Wannan ai na san ta! Kanta ta huɗu, hannun hagu, saman matatar mai."

"Baban yara, ba adireshinta suka tambaya ba," in ji ta. "Cewa suka yi ita ce ta shiga nan, ko 'yar'uwarta?"

Bakwai ya ci cikin ashirin. Saura kwana goma sha tara a yi jarrabawar.

Ranar Litinin wani tsohon makanike da kowa ke kira Baba ya zo neman noti, ya tarar da Ƙamus jugum. Da ya ji labarin, sai ya ɗauki noti biyu ya ɗora masa a tafin hannu.

"Wanne ne wanne?"

"Girmansu ɗaya, Baba."

"To, haƙoransu ba ɗaya ba. Kai ka san inda suke kwana, ni na san inda suke aiki. Ƙamus, kalmar da ba ka taɓa ɗaura ta a jikin magana ba, ajiyarta kake yi, ba taka ba ce."

Ƙamus ya yi zumbur ya miƙe. Kafin azahar ya ɓamɓare kwalayen duka, ya zuba su a bokitin fenti, ya girke shi a bakin taga. Ya kafa doka: duk wanda ya zo karɓar kaya sai ya zaro kwali ɗaya, shi kuma ya gina jimla da kalmar a kan mutumin, sannan ya fassara masa.

Nan fa sito ya zama dandali. Wani direba ya zaro kalmar mai taurin kai, da ya ji fassarar ya ce, "Rantse ba matata ce ta aiko ka ba!" Manaja da kansa ya zaro ta mai jinkirta yanke hukunci, da ya ji tasa jimlar sai ya fashe da dariya ya ce a ƙara masa wata. Jimlolin da Ƙamus ya yi shakkar su yakan rubuta, matarsa ta bi su da jan biro bayan la'asar. Da yawa ta soke. Bai ji haushi ba, domin kuskuren da aka kama a gida ba ya bin mutum ɗakin jarrabawa.

Ranar jarrabawar, da ya amsa tambayar ƙarshe, kwamfuta ta nuna makinsa nan take. Ya haye abin da makarantar ke nema, da kaɗan, amma ya haye. Ya karanta lambar sau uku, ya fito da sauri har yana tuntuɓe, ya rungume mai gadin da bai taɓa gani ba.

"Lafiya, malam?" in ji mai gadi.

"Lafiya lau! Ara mini wayarka in kira gida, tawa na baro ta a ciki."