Ɗan Yayen da Bai Dawo Ba: Shekara Tara Bayan Yaya Hajara

Shekara tara ke nan da rasuwar yayata Hajara, Allah ya jiƙanta. Duk shekara in lokacin ya zagayo, sadakar waina nake yi mata in yi shiru. Bana shirun ya gagare ni. Ina da labarin da nake jin kamar in ruga gidanta in fara ba ta tun daga zaure, sai in tuna babu ita. Shi ya sa na kawo shi nan.

Yaya ta yi aure a wani ƙauye wajen Mashi. Da auren ya mutu, ta dawo gida Daura da ɗanta Sani a goye. Da ya isa yaye, uwar mijin ta aiko a kai mata shi, tunda a al'ada kaka ce ke yaye jika. Mu da kanmu muka wanke masa kaya, muka daka masa garin kunu, ni na riƙe shi a mota. An ce mako biyu. Bai dawo ba. Babanmu ya bi sawu, aka ce masa ɗan da ya bar nono na uba ne. Ya dawo ya ce gaskiyarsu ce. Babu wanda ya yi musu a gidanmu, tunda haka muka taso muka gani.

Sai a shekarun da aka dawo da shari'a, lokacin da malamai suka cika rediyo da bayani, Yaya ta ji wani yana cewa riƙon yaro na uwa ne har ya balaga, na yarinya har ta tare gidan miji, uba kuwa ciyarwa ce a kansa. Tana tankaɗe ta ji. Ta ajiye rariya ta zo gidana da gari a hannu.

"Uwani, ashe ba ƙwace shi aka yi ba. Mu muka kai shi."

A lokacin Sani ya zama saurayi, in sun haɗu a wurin biki da sunanta yake kiranta. Rashin sani ya fi dare duhu.

Daga ranar ta zama 'yar rakiyar mata zuwa kotu. Ba ta yi boko ba, amma ta san ƙofar rajistara, ta san ranakun zama, ta san a nemi shaidu tun rauni bai warke ba. Aka yi mata laƙabi da Lauya, wasu don ba'a. Gargaɗinta ɗaya ne ga duk bazawara mai goyo: "Kada ki ba da yaye sai kin ji ta bakin alƙali."

Da damunar bana 'yata Rabi ta dawo gida da targaɗe a hannu, da 'yarta Ummi a baya. Karo na uku ke nan da mijinta ya doke ta, kuma sau biyu mai unguwa yana yin sulhu. Wannan karon ban ce ta yi haƙuri ta koma ba. Asibiti na fara kai ta, muka karɓi takarda. Sannan Rabi ta kira wata lauya da muka ji a rediyo tana cewa suna tsaya wa mata kyauta. Wallahi ta zo! Yarinya ce 'yar Dutsi, da hijabinta, ta zauna kan tabarmata ta sha fura, tana tambaya tana rubutawa.

Ana cikin haka sai ga saƙo daga uwar mijin Rabi: a kawo Ummi yaye.

Maigidana ya ce, "A kai ta mana, kada a ce mun raina manya."

Na ce, "Malam, ka yi haƙuri. Na taɓa riƙe ɗan yaye a mota."

Lauyar ta shigar da ƙara a kotu, makon jiya aka yanke hukunci. Bayan an ji shaidu an duba takardar asibiti, alƙali ya raba auren saboda cutarwa, ya bar riƙo hannun Rabi. Sai wan mijin ya miƙe ya ce, "Allah ya gafarta Malam, in ta yi wani auren fa?"

"Sai riƙo ya koma wurin uwar Rabi. Tana nan?"

Na miƙe tsaye. Da ƙyar na haɗiye guɗa, sai da muka fito bakin titi na sake ta, har masu babur suka waiwayo.

Ina ma Yaya ta ga wannan rana. Na san da ta kama hannun lauyar nan ta ce, "'Yar nan, ina kika shiga tun tuni?" Da ta sa an rubuta mata lambar wayar a bangon ɗaki. Na kuma san ba za ta bar mu mu yi murna da yawa ba, za ta tuna mana matan ƙauye da har yau suke daka garin kunu suna miƙa 'ya'yansu.

Yaya ba ta bar gida ko gona ba. Ɗanta ya zo jana'izarta, ya tsaya cikin baƙi. Abin da ta bari gargaɗi ɗaya ne, kuma ya isa ya tsayar da ni gaban mijina da gaban alƙali.

Yanzu haka Ummi tana ɗakina, ni nake yaye ta. Rabi ta koma gidan kawunta don kada yarinyar ta gan ta ta yi rigima. Kakarta ta wajen uba ta zo jiya, na yi mata tuwo, ta ɗauke ta ta yi mata wasa, ta tafi. Ranar Juma'a mako biyu zai cika. Zan goya ta da kaina in miƙa wa uwarta.