Malam Labbo, Mai Auna Mutum Kafin Inji

Da an sallame sallar asuba Malam Labbo ba ya komawa barci. Buhu yake shimfiɗawa a ƙofar gidansa da ke bayan kasuwar Birnin Kebbi, ya ɗora injin yankan icce a cinya, ya kama wasa haƙoran sarƙar da magagari, ɗaya bayan ɗaya. In ka gaishe shi ta hagu ba zai amsa ba. Ba girman kai ba ne. Ƙarar inji ta cinye wannan kunnen tuntuni.

In ya gama sai ya ɗaure injin a bayan keke ya nufi ofishin gandun daji, inda ya yi aiki tun zamanin zarto mai hannu biyu, wanda mutum biyu ke ja. Daga nan sai inda aka tura shi. Reshen dogon yaro ya kwanta a kan waya. Madaci ya faɗi ya tare hanyar Argungu. Ruwan fadama ya janye ya bar kututture a gonar shinkafa. A watan nan ya ajiye aiki. Ba za a faɗa a Rediyon Rima ba. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ba sare icce ba ne ya sa nake jinjina masa. Masu sara suna da yawa a jihar Kebbi. Abin da ya bambanta shi, shi ne yadda yake hana mutane sayen abin da zai ci su.

Tun da shinkafa ta fara yi wa manoman Zauro da Ambursa albarka, sayen injin icce ya zama ado. Mutum bai fi ya yi sara a ƙarshen damina ba, ya rage rassan mangwaro, ya tara iccen girki, amma idonsa na kan babban inji, mai takobi kusan tsawon ƙafar mutum. Takobi shi ne ƙarfen da sarƙar ke zagayawa a kai. Duk mai son saye sai an ce masa ya fara ganin Labbo. Shi kuwa tambayarsa ba ta canzawa.

"Mi kaka son yanka?"

Ba ya yarda da amsar baki. Sai ya hau keke ya bi ka gonar, ya dafa iccen, ya auna kaurinsa da kamu, daga gwiwar hannu zuwa yatsa. In mafi kauri bai wuce kamu ɗaya ba, ƙaramin inji ya ishe ka. In ka tambaye shi na Jamus ko na Japan, sai ya ce suna ba ya yanka icce. "Tahi kasuwa ka duba. Wanda sarƙa tai da fulogi nai ke rataye ga shago, shi a naka. Wanda sai an aika Kano, bar ma mai shi." Akwai wani manomi a Gulma da ya ce wa kada ya sayi ko wanne, gatari ya ishe shi. Mutumin ya yi fushi, ya huce, gatarin yana nan.

Labbo ya san dalili. Shi ya ɗauko Tamba na Zauro ranar da babban injinsa ya yi harbi. Haka suke cewa, harbi, kamar na jaki: bakin takobin ya taɓa ƙullin icce, injin ya zaburo baya, hannun da ya gaji ya kasa riƙe shi. Labbo ya ɗaure masa kafaɗa da rawaninsa, ya tare motar albasa ta kai su asibiti. Tamba ya rayu. Hannun bai sake ɗaga ƙwarya ba.

Labarin da nake son a sani shi ne na surukinsa. Kefas ne ya ba ni, mutumin Filato mai shagon injuna a kasuwa, a gabansa aka yi.

Alhaji Dikko na Ambursa babban manomi ne, kuma 'yar Labbo, Umma, tana auren ɗansa Kalilu. Shekaru sun ja wa Alhaji, kafaɗarsa ta dama tana ciwo tun da ya faɗo daga babur. Aikin iccensa kaɗan ne: mangwaron garka da dogon yaron ƙofar gida, kuma ba ya yarda wani ya taɓa masa su. Wata Juma'a bayan an sauko masallaci ya zo shagon Kefas da mutanensa, ya sa aka sauko da inji mafi girma, ya aika a kira Labbo. Ba shawara yake nema ba. So yake suruki ya sa albarka a gaban jama'a.

A nan abin ya tsaya. Baƙo Labbo zai iya ce masa ƙarfinka bai kai ba. Uban mijin 'yarka ba a faɗa masa haka, ballantana a kasuwa. In ya yi shiru kuma, ya san hanyar da aka bi da Tamba.

Kefas ya ce Labbo ya iso, ya jingine keke, ya ɗauki injin da hannu biyu ya miƙa wa Alhaji kamar mai miƙa kyauta. Alhaji ya karɓa, ya riƙe shi a gaba yadda mai sara ke riƙewa. Sai Labbo ya tuɓe takalmi ya durƙusa, ya fara gaisuwa.

"Alhaji, an wuni lahiya?"

"Lahiya lau, Malam."

"Ina gajiya? Ina iyali? Ina Hajiya da ƙahwa?"

"Ta yi sauƙi, mun gode Allah."

"Madalla. Ina Kalilu? Ina 'yan yara? Ina ruwa ga fadama, bai taɓa shinkafa ba?"

Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san ba a katse gaisuwar suruki, ba a juya masa baya a ajiye kaya yana durƙushe. Labbo ya bi gidan ɗaki ɗaki. Ya tambayi shanu. Ya tambayi limamin Ambursa da tarinsa. Ya koma ya sake ina gajiya. Alhaji yana amsawa, gumi yana bin gemunsa. Bakin takobin ya fara sunkuyawa. Ya ɗago shi, ya sake sunkuyawa. Kafaɗar ta kama rawa har rigar tana motsi.

Nufin Labbo a fili yake. So yake Alhaji ya ji a jikinsa, ya ajiye da kansa, ba tare da wani ya ce uffan ba, kowa ya tafi da mutuncinsa. Da haka aka yi, da ba ni da labari. Amma akwai Hodi, abokin wasan Alhaji tun ƙuruciya, wanda bakinsa ba ya da marfi.

"Kai Alhaji! Ba a ko tada injin ba, shi yat tada kai! In an sa mai fetur sai mu nemo ka Gulma!"

Shago ya kwashe da dariya. Alhaji ya dire injin. Ya dubi Labbo da ke durƙushe, ya gane komai.

"Malam, gaisuwa ce wagga ko awo?"

"Gaisuwa ce, Alhaji. Allah shi bar mu da lahiyarka."

Alhaji ya gyara babbar riga ya fita, bai sayi komai ba. Bayan an kwana biyu Kalilu ya zo shi kaɗai, ya sayi ƙarami, mai takobi kamu ɗaya, irin wanda sarƙarsa ke rataye a shagon.

Tun ranar Alhaji bai sake taka ƙofar Labbo ba. Da Umma ta haihu, a wurin suna hannu kawai suka yi, Alhaji ya juya ga wasu baƙi. Buhun shinkafar da yakan aiko in an yi girbi ya daina zuwa. Umma ta zo gida ta ce, "Baba, da ka bar shi ya saya. Ni ke zaune cikinsu." Labbo ya ce mata, "Gara ki kai mai tuwo yana hushi da ki ba shi a baki." Bai kuma taɓa zuwa wurin kowa ya wanke kansa ba.

Malam Labbo, kai ne ka zaɓi a ji haushinka a kan a yi jinyar wani. Kai ne ka durƙusa a ƙasan kasuwa, da furfurarka, don kada kalma mai nauyi ta fito daga bakinka. Dabarar ba ta tafi yadda ka so ba, ka ɗauki asarar kai kaɗai. Na ga mutane da yawa da ake tambayarsu shawara su faɗi abin da mai tambaya ke son ji, su karɓi godiya, su tafi. Ƙasar nan cike take da su. Tsohon zarto, ba ka cikinsu.

Ranar da abokan aikinsa suka taru a ƙofar gidansa don addu'ar ajiye aiki, an raba goro, an yi fatiha. Alhaji Dikko bai zo ba. Ana shirin watsewa sai ga Kalilu da amalanken shanu shaƙe da iccen mangwaro, an yanka shi guntu guntu daidai murhu. Ya durƙusa ya ce Alhaji ne ya ce a kawo, kuma da hannunsa ya yanka, bai bar kowa ya taɓa ba. Babu wani saƙo bayan wannan.

Labbo ya tashi ya ɗauki guntu ɗaya. Ya juya shi, ya shafa bakin yankan da babban yatsa, ya daɗe yana dubawa.

"Sarƙar ta dushe," in ji shi. "Ce ma Alhaji shi aiko in wasa mai."

Kalilu ya sunkuyar da kai. "Ya ce in ka faɗi haka, in ce maka shi zai kawo da kansa."

Mun gode, Malam. Allah ya ba ka hutu mai albarka, ya bar maka kunnen da ya rage. Ku kuma da ake zuwa wurinku neman shawara, ko a kan inji, ko magani, ko aure, ku dubi mutumin da abin da zai iya ɗauka, ku faɗa masa gaskiya ta hanyar da kuka iya. In ya yi fushi, ku bar shi ya yi da hannuwansa biyu.