Katako Mai Ido

A shekarun da jirgin ƙasa ya daina ba mutanen Kumasi mamaki, ina ɗaurin goro a gidan kawuna a Zango. Kawu tsohon falke ne, kuma tun da nake ban taɓa jin ya ce "ban sani ba".

Wata rana aka yi gwanjon kayan wani Bature da zai koma ƙasarsu, sai ga Kawu da ɗan dako ɗauke da akwatin kayan kafinta. Maƙwabta suka cika zaure. Zarto da guduma kowa ya gane su. Sauran kuwa Kawu ya shiga bayani. Wani katako mai reza a ciki, ya ce na kankare kaushin ƙafa ne. Wani ƙarfe mai gwiwa da ake juyawa, ya ce maburgin Turawa ne, ya aika da shi cikin gida. Ranar nan ya huda tukunyar miya, muka ci tuwo da manja.

Abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne wani dogon katako mai 'yar kwalba a tsakiya, da kumfa a ciki tana yawo kamar ido. Ya sa aka kirawo kukun Baturen, wani Bafante mai guntuwar Hausa.

"Ido tsaya tsakiya, daidai," in ji kuku. "Ido tafi gefe, ba daidai."

Kawu ya gyaɗa kai. "Na faɗa muku. Abin gane maƙaryaci ne."

Shari'ar farko ta agwagwa ce. Wanzamin unguwa ya ce mahauci ya cinye masa ita. Kawu ya sa suka cire hula, ya ɗora wa kowa katakon a ka. Mahauci Allah ya yi shi da kai kamar faifai, ido ya tsaya cak. Wanzami kuwa kansa da tudu. Aka sa wanzami ya nemi gafara, alhali gashin agwagwa na nan a bayan ɗakin mahauci, kowa yana gani.

Daga nan masu shafaffen kai suka fara tafiya da ƙasaita a Zango. Masu tulluwa suka daina musu da kowa.

Ran nan Kawu yana ba da labarin yadda ya kori zaki da sanda a hanyar Salaga, sai tsohon limaminmu ya ce a hankali, "Malam, a gwada mana, don yara su ƙara yarda."

Ba yadda zai yi. Ya tuɓe rawani, ni na ɗora masa. Ido ya ruga har ƙarshen kwalba ya maƙale. Ya karkata wuya, ido ya ruga ɗaya ƙarshen. Wanzami ya kama tari ba ƙaƙƙautawa.

Kawu ya sauke katakon, ya jujjuya shi.

"Damina ta shige shi," ya ce. "Kayan Bature ba sa jure ruwan Asante."

Ya miƙa mini ya ce in tokare ƙofar rumbun goro da shi. Ya mai da rawaninsa, ya ci gaba daga inda zakin ya juya da gudu.