Yadda Bukar ya zama Bukar Katako

Tun zamanin Turawa ake raɗe-raɗi a Potiskum, wai in Di'o, Baturen mulki, ya tafi hutu ƙasarsu, wani ƙaton tsauni mai ƙanƙara yake hawa, ya ɗaura katako biyu a ƙafa, ya sulalo ƙasa. Aminina Bukar, kukun Di'on, shi ya kawo mana labarin.

Na ce, "Haba Bukar! Mutumin da ya sa muka share hanyar Gadaka da hannu don kada mota ta girgiza shi?"

Ya ce, "Wallahi Garba, in ya iso ƙasa ma komawa sama yake yi."

"Me ya manta a can?"

"Ba komai. Sake gangarowa zai yi."

Majalisarmu ta Dogo Tebo ta kwashe da dariya. Ni na laƙaba masa Bukar Katako. Sunan ya bi shi har kabari, bai kuma ƙara cin tuwo a gidana ba.

Jiya aka miƙo mini waya. Ga Turawa nan birjik a bidiyo, suna sulalowa daga tsaunin ƙanƙara da katako a ƙafa, har layi suke bi.

Jama'a, yaya ake ba mamaci haƙuri? Don wanda ya nuna mini ɗin jikansa ne. Sunansa Bukar.