Hayaƙin Baba da Ƙirjin Ɗiyata

Ko sunana na manta, ba zan manta damanar da ƙirjin ɗiyata ya raba mahaifina da taba ba.

Baba, Allah Ya jiƙansa, manomin shinkafa ne a Bakura, kuma mashayin sigari na gasken gaske. In ya kunna a zaure, mai wucewa sai ya ɗauka gona ake ƙonawa. Sauron da ya yi gangancin shiga, da tari yake fita.

Yarinyar kuwa ɗiyar fari ce. Kun san al'ada: kunya ba ta bari in ɗauke ta a gabansa ba, balle in nuna damuwa da ita. Sai ta zama ta Baba. Amaryata yake ce mata, kamar yadda kaka kan tsokani jika. A cinyarsa take cin tuwo, a cinyarsa take barci, hannunsa ɗaya na shafa kanta, ɗayan riƙe da karan sigari.

Tana wajen shekara huɗu tari ya kama ta. Numfashinta har fito yake kamar usur. Tsofaffin gida suka ce sanyi ne, aka kawo kasko da saiwoyi, aka lulluɓe ta da zane don ta shaƙa. Ku ji fa, hayaƙi a kan hayaƙi! Ni ina gefe, bakina a ɗinke, wai ni mai kunya.

Wata safiya leɓɓanta suka yi duhu, tana jan iska ba ta samu. Baba da kansa ya rungume ta, na tuƙa babur zuwa asibiti a Talata Mafara. Gudun da na yi, har inuwata na bari a hanya.

Da yarinyar ta samu kanta, likita ta shinshini rigarta ta dube ni. "Malam, wa ke shan taba gidanku? Yarinyar ga tare suke sha. Shi ka fesowa, ita ka haɗiyewa."

Na sunkuyar da kai. Wane ni in nuna ubana?

Sai yarinyar ta ɗaga ido daga gado. "Tsoho, ni na fasa auren. Kai ka shaƙe ni."

Baba ya buɗe baki zai yi dariya, dariyar ta ƙi fita. Sai ya ce, "Amarya, in na bari, kya dawo?"

"Sai na shinshina."

Ya bari kuwa. Wata guda yana faɗa da kowa, har da akuya, goron Bakura kuma ya kusa ƙarewa a bakinsa. Kullum da safe sai ta shinshini gemunsa kafin ta hau cinya. Tarin ya yi sauƙi, amma har yau in sanyi ya shigo ƙirjinta kan tuna mata.

Yanzu tana Maradun da nata 'ya'yan. Zauren nan yana nan, fes, shiru. Wani lokacin nakan zauna inda yake zama, in ji da ma ya shigo ko tsawa ce ya daka mini.

Abin da na koya shi ne, huhun yaro bai san kunya ba, bai san girmamawa ba. Abin da aka busa shi yake sha. Maganar da za ta ceci numfashin ɗanka, faɗe ta da ladabi, amma kada ka bar wa mai shekara huɗu ta faɗa.